Kwandon Cefane da Akwatin Zaɓe: Gardamar da Harajin Trump Ya Tayar a Kanada

Ranar 4 ga Maris, 2025, harajin da Shugaba Donald Trump ya ɗora wa kayan Kanada ya fara aiki: kashi 25 cikin 100 a kan hajoji, kashi 10 a kan man fetur da iskar gas. Bayan kwana takwas na ƙarfe da alminiyam ya biyo baya, a watan Afrilu kuma na motoci. Da abin ya tsaya a kan kuɗin fito, da mutanen Kanada sun ɗauke shi cikin rigingimun da suka saba yi da maƙwabciyarsu, irin ta katako da aka shafe shekara arba'in ana kai ruwa rana a kanta. Amma Trump ya haɗa da cin fuska. Ya riƙa cewa gara Kanada ta zama jiha ta 51 a Amurka, yana kiran Firaminista Justin Trudeau da gwamna. Mutanen da duniya ta sani da sanyin hali sai ga su suna yi wa taken Amurka ihu a filayen wasan hoki. A manyan kantunan Toronto da Montreal da Vancouver, mai cefane yakan ɗauki kwalba ya juya bayanta, ya kara ta da ido yana neman ƙasar da aka yi ta. In ya ga Amurka sai ya mayar, wani har ya kife ta a kan kanta don na bayansa ya gane ya wuce. Masu kanti suka bi sahu, suka liƙa jan ganyen nan na tutar ƙasar a gefen farashin kayan gida. Ra'ayina shi ne wannan yunƙuri yana da hujja kuma ya yi tasiri, amma an aza masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Manyan shawarwarin ciniki a majalisa ake yanke su, kuma hanyar da Kanada ke bi wajen cika kujerun majalisarta ta daɗe tana miƙa cikakken iko ga wanda bai samu yardar rabin jama'a ba.

Bari mu fara ba masu cewa a sayi na gida haƙƙinsu. Sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma abin da ya biyo baya ya nuna gatarin yana da kaifi. Lardunan Kanada su ne ke riƙe da cinikin barasa a yawancin ƙasar, saboda haka da Firimiyan Ontariyo, Doug Ford, ya ba da umarni, cikin kwana ɗaya aka kwashe ta Amurka daga kantunan hukumar lardin, wadda ke cikin manyan masu saro wannan haja a duniya. Kebek da wasu larduna suka yi haka. Shugaban kamfanin da ke yin Jack Daniel's ya fito ya ce wannan mataki ya fi musu ciwo a kan harajin ramuwa, domin haraji rage ciniki yake yi, kwashewa daga kanta kuwa kashe shi take yi. Tafiye-tafiye ma haka: hukumar ƙididdiga ta Kanada ta nuna cewa a watanni da dama na 2025 yawan masu zuwa Amurka da mota ya ragu da sama da kashi 30 cikin 100 idan aka kwatanta da shekarar da ta gabata, kuma masu otal da shaguna a jihohin bakin iyaka sun ji a jikinsu. Akwai kuma tarihi na kusa da ke ƙarfafa musu gwiwa. A 2014 kamfanin Heinz ya janye daga masana'antarsa ta garin Leamington, cibiyar noman tumatir a Ontariyo, ɗaruruwan ma'aikata suka shiga zullumi. Da kamfanin French's ya fara yin miyar tumatirinsa da amfanin gonar garin, jama'a suka yi masa rubdugu da saye a 2016, har babban kantin Loblaw, da ya yi niyyar daina sayar da shi, ya janye shawararsa. Duk wanda ya ce aljihun talaka ba ya juya kamfani, bai ji labarin Leamington ba.

Sai dai masu suka suna da tambayoyin da kishin ƙasa ba ya amsawa. Ta farko: mene ne na gida? A dokar Kanada, hajar da kusan dukanta, wato kashi 98 cikin 100, daga ƙasar ta fito tana da irin lambarta, amma wadda aka kashe kashi 51 kacal na kuɗin yin ta a gida ita ma tana iya ɗaukar sunan an yi ta a Kanada. Tim Hortons, wanda kowa ke yi wa kallon shagon shayi da kofi na ƙasa, yana ƙarƙashin wani babban kamfani ne da manyan masu hannun jarinsa ke waje. Walmart da Costco kuwa na Amurka ne, amma dubban 'yan Kanada ke cin abinci a cikinsu, kuma manoman Kanada na sayar musu da kaya. Wanda ya ƙaurace musu, wa ya hukunta? Ta biyu ita ce tsada. Ƙasar da ƙanƙara ke rufe gonakinta watanni a jere ba ta da latas da lemo na kanta a tsakiyar hunturu sai ɗan abin da ake nomawa a ɗakunan gilashi, kuma iyalin da albashinsu ke ƙarewa kafin wata ya mutu ba su da sararin zaɓen mai tsada don tuta. Mai karatu a Katsina ko Maraɗi ya san wannan lissafi, domin ya ga yadda farashin shinkafa ya yi bayan Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agustan 2019. Ta uku ita ce ta fi zafi: zama ɗan gida ba ya mai da ɗan kasuwa adali. Kamfanoni biyar ke riƙe da kusan kashi uku cikin huɗu na cinikin kayan abinci a Kanada, kuma Loblaw, wanda ya fi kowa liƙa jan ganye a kanta, shi ne ya amsa a 2017 cewa ya yi shekaru cikin haɗa baki don tsawwala farashin burodi. A watan Mayun 2024 'yan Kanada shi suke ƙaurace wa saboda tsada. Wata tara bayan haka aka ce musu saye a wurinsa kishin ƙasa ne.

Ko da an warware waɗannan duka, girman matsalar yana nan. A 2024 kusan kashi uku cikin huɗu na kayan da Kanada ta fitar Amurka suka tafi. Mutum miliyan 41 ba za su shanye gangar mai kusan miliyan huɗu da ke gangarawa kudu kullum ba, ba za su saye alminiyam ɗin Kebek ko takin potash na Saskatchewan ba, ba kuma za su hau duk motocin da ake harhaɗawa a Windsor da Oshawa ba. Tun yarjejeniyar motoci ta 1965 masana'antun ƙasashen biyu suka sarƙe da juna, har wani ɓangaren inji kan tsallaka iyaka sau da yawa kafin a ɗaura shi a mota. Da kamfanin Stellantis ya sanar a watan Oktoban 2025 cewa zai kai aikin wata ƙirar Jeep daga Brampton zuwa jihar Illinois, ba kwalbar da aka kife a kanti da za ta hana shi. Abubuwan da za su rage wa Kanada dogaro da kasuwa ɗaya duk na hukuma ne: bututun mai zuwa teku, irin na Trans Mountain da aka faɗaɗa aka buɗe a 2024 bayan ya lashe kusan dalar Kanada biliyan 34, tashoshin jiragen ruwa, yarjejeniyoyi da Turai da Asiya, da rushe shingayen da ke tsakanin lardunan kansu, inda shekara da shekaru ya fi sauƙi mai gonar inabi ya aika kayansa ƙasar waje da ya aika lardin da ke maƙwabtaka da shi. Gwamnatin Firaminista Mark Carney, wanda ya gaji Trudeau, ta zartar da doka a watan Yunin 2025 don cire nata kason na waɗannan shingaye. Ita ce kuma, a farkon Satumba, ta janye yawancin harajin ramuwar da aka ɗora wa kayan Amurka, alhali jama'a na ci gaba da ƙauracewa. Mai cefane yana iya nuna fushi, amma wanda ke kan kujera shi ke cewa a ja ko a sassauta.

Nan ne batun zaɓe ya shigo, kuma ba da ƙarfi aka jawo shi ba, domin alaƙar da ke shaƙe Kanada yau a akwatin zaɓe aka ƙulla ta. A 1988 Firaminista Brian Mulroney ya kammala yarjejeniyar ciniki maras shinge da Amurka. Majalisar dattawa, inda 'yan Liberal ke da rinjaye, ta ƙi barin ta ta wuce sai an koma ga jama'a, aka yi zaɓen da kusan ba a yi maganar komai a cikinsa ba sai wannan. John Turner na Liberal ya yi adawa da ita, ya samu kusan kashi 32. Ed Broadbent na jam'iyyar NDP ya yi adawa da ita, ya samu kashi 20. Mulroney ya samu kashi 43, amma ya kwashe kujeru 169 cikin 295, yarjejeniyar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1989. Fiye da rabin masu ƙuri'a sun zaɓi jam'iyyun da suka ce a'a, sakamakon ya fito da i. Dalili shi ne tsarin da Kanada ta gada daga Birtaniya, irin wanda Najeriya ke bi wajen zaɓen 'yan majalisa: a kowace mazaɓa wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ke ɗaukar kujera, ko da kashi 35 ya samu, sauran ƙuri'un kuma sun tafi a banza. Za a ce mini ba kowa ne ya yi zaɓe don ciniki kaɗai ba, kuma 'yan Liberal ɗin da suka yi adawa su ne suka aiwatar da faɗaɗa yarjejeniyar zuwa Meziko a 1994. Gaskiya ne. Ba kuma ina cewa Mulroney ya yi kuskure ba, domin cinikin ya kawo arziki da ayyuka masu yawa. Abin da nake cewa shi ne shawarar da ta ɗaure ƙasa tsawon zamani ta cancanci yardar mafi yawan mutanenta, kuma da gwamnatin ta zama dole ta nemi goyon bayan wata jam'iyya, da an tilasta mata sauraron waɗanda tun a lokacin suke gargaɗi a kan zuba komai a kasuwa ɗaya.

Abin bai tsaya a 1988 ba. A 2015 Trudeau na Liberal ya yi alƙawarin cewa wannan ne zaɓe na ƙarshe da za a yi da tsohon tsari. Tsarin ya ba shi kujeru 184 cikin 338 da ƙasa da kashi 40 na ƙuri'u, ya kafa kwamiti, kwamitin ya ba da shawarar a kai tsarin raba kujeru gwargwadon ƙuri'u gaban jama'a, shi kuma ya fi son tsarin jera 'yan takara bisa fifiko, sai ya ajiye maganar a watan Fabrairun 2017. A 2019 da 2021 'yan Conservative suka fi Liberal yawan ƙuri'u a faɗin ƙasa, amma Liberal ta fi su kujeru da tazara mai yawa. Ranar da Trudeau ya sanar da murabus a Janairun 2025, da bakinsa ya ambaci wannan a matsayin abin da yake nadama. Doug Ford kuwa ya kira zaɓen gaggawa a watan Fabrairun 2025 da hujjar yana neman ƙarfin tunkarar Trump, ya samu kashi 43, ya ɗauki kujeru 80 cikin 124. A wannan zaɓe Liberal ta lardin ta samu kusan kashi 30 da kujeru 14, NDP ta samu ƙasa da kashi 19 da kujeru 27. Babu lissafin da zai sa a kira wannan wakilci.

Ɓarnar da ta fi damuna ita ce wadda tsarin ke yi wa taswirar ƙasar, domin rikicin ciniki ba ya bugun yankuna daidai wa daida. Da gwamnatin tarayya ta ɗora harajin kashi 100 a kan motocin lantarki na Sin a 2024 don kare masana'antun Ontariyo, Sin ta rama a kan man kanola da wake, wato a kan manoman yamma. Kariyar da ake ba masu madara da ƙwai da kaji, wadda ke da tushe mai zurfi a Kebek, tana cikin abubuwan da Amurka ke ƙorafi a kai a duk zaman tattaunawa. Da aka fara maganar amfani da man fetur a matsayin makamin ramuwa, Firimiyar Alberta, Danielle Smith, ta ƙi sa hannu a sanarwar haɗin gwiwa ta shugabannin larduna a Janairun 2025. Raba irin wannan asara yana buƙatar gwamnatin da kowane yanki ke jin yana da baki a cikinta. To amma a 2019 jam'iyya mai mulki ba ta samu kujera ko ɗaya ba a Alberta da Saskatchewan, duk da dubban ɗaruruwan da suka zaɓe ta a can, 'yan Conservative kuma ba su samu ko ɗaya ba cikin kujeru 25 na birnin Toronto. A 2025 sama da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Alberta sun zaɓi Liberal, suka tashi da kujeru 2 cikin 37. Taswirar takan nuna yamma launi ɗaya, birane wani launi, kamar ƙasashe biyu ne masu gaba, alhali mutanen a gauraye suke. Masu neman ɓallewar Alberta da wannan hoto suke kafa hujja, kuma shi ne hoton da duk mai son raba kan Kanada daga waje zai so ya gani.

Masu kare tsohon tsari ba su rasa abin faɗa ba, kuma hujjarsu ta farko tana da nauyi. Sun ce ranar da maƙwabci mai ƙarfi ya taso maka, kana buƙatar shugaba ɗaya da zai yanke magana da safe a aiwatar da yamma, ba gwamnatin haɗin gambiza da za ta shafe watanni ana cinikin muƙamai ba. Suna nuna Isra'ila da Beljiyam. Sun ce kuma zaɓen 28 ga Afrilu, 2025 ya wanke tsarin: Liberal ta samu kusan kashi 44 da kujeru 169 cikin 343, Conservative ta samu kashi 41 da kujeru 144, to ina zaluncin? Amsar tana cikin sauran alƙaluman. NDP da Bloc Québécois kowacce ta samu ɗan sama da kashi 6, amma Bloc, mai neman 'yancin Kebek, ta ɗauki kujeru 22 saboda ƙuri'unta a tattare suke a lardi ɗaya, NDP kuma ta tsira da 7 saboda nata a warwatse suke a faɗin ƙasa. Tsarin da ake cewa yana kare haɗin kai shi ne ke ninka ladan jam'iyyar yanki. A 1993 ma Bloc ce ta zama babbar jam'iyyar adawa da kujeru 54, yayin da wata jam'iyyar da ta fi ta ƙuri'u ta tashi da 2. Sannan faɗuwar NDP daga kusan kashi 18 a 2021 tana da nasaba da tsoro: da yawa daga magoya bayanta sun koma wa Liberal ta Carney ne don kada ƙuri'arsu ta tafi a banza ta buɗe wa wanda ba su so hanya. Game da ƙarfi a teburin ciniki kuwa, Jamus ta daɗe da gwamnatocin haɗaka kuma tana cikin manyan masu fitar da kaya a duniya. New Zealand, da ta gaji tsari ɗaya da Kanada, ta sauya shi bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1993, ta ci gaba da ƙulla yarjejeniyoyin ciniki ba tare da ta durƙushe ba. Kanada da kanta ta sha yin gwamnatocin marasa rinjaye, kuma a ƙarƙashin irin wannan gwamnati ta Lester Pearson aka samar da tutar da ake liƙawa a kantuna yau da tsarin kula da lafiya na ƙasa.

Hujjar da ta fi wuyar amsawa ita ce an sha tambayar jama'a sun ce a'a. Ontariyo ta ƙi a 2007. British Columbia ta ƙi a 2009 da 2018. Tsibirin Prince Edward ya ƙi da ƙyar a 2019. Ba zan raina wannan ba: mutane suna son ɗan majalisar da suka san ofishinsa, suna ƙin jerin sunayen da shugabannin jam'iyya ke rubutawa, kuma tsarin da sai an yi dogon bayani kafin a gane shi yana tsorata mai ƙuri'a. Amma tarihin bai cika ba sai an ƙara cewa a 2005 kusan kashi 58 na mutanen British Columbia sun amince da sauyi, aka ce bai isa ba domin an gindaya kashi 60, a ƙasar da kashi 40 ke ba mutum cikakken mulki. A 2016 masu son sauyi sun yi rinjaye a tsibirin Prince Edward, gwamnati ta ce waɗanda suka fito sun yi kaɗan. François Legault ya yi alƙawarin gyara a Kebek, ya sauka daga kai, a 2022 ya ɗauki kujeru 90 cikin 125 da kashi 41. Wanda tsari ya ɗora shi ne ake jira ya rushe tsarin, shi ya sa masu fafutuka suka koma ga dabarar cika takardar zaɓe da sunaye. A mazaɓar Carleton, inda jagoran adawa Pierre Poilievre ya rasa kujerarsa a zaɓen 2025, sunaye 91 ne a takardar, tsawonta ya kusa mita guda, sai an yi ta ninke ta kafin ta shiga akwati. Ban ga hikimar wahalar da tsofaffi da ma'aikatan zaɓe ba, amma na gane takaicin da ya haifi dabarar.

Tsoron mutane yana da magani a tsarin gauraye irin na New Zealand: kowace mazaɓa ta riƙe wakilinta, a ƙara wasu kujeru na daidaita lissafi lardi-lardi, a kuma sa ƙa'idar cewa sai jam'iyya ta kai kashi 5 kafin ta samu rabo, don kada majalisa ta cika da ƙananan ƙungiyoyi masu tsattsauran ra'ayi. Hanyar isa can ma an gwada ta: a 2004 British Columbia ta tara talakawa 160, kusan dukansu an zaɓo su ta hanyar canki-canki, suka yi watanni suna nazari, suka fito da shawarar da mafi yawan masu ƙuri'a suka karɓa. An kawo ƙudurin kafa irin wannan taro na ƙasa baki ɗaya, majalisar wakilai ta kayar da shi a watan Fabrairun 2024, inda shugabannin manyan jam'iyyun biyu suka tsaya gefe guda. Mutanen Kanada su ci gaba da sayen tuffa da cuku da katakon ƙasarsu gwargwadon ƙarfin aljihunsu, ba wanda zai ga laifinsu, ba kuma wanda ya isa ya zargi talakan da ya ɗauki mai araha. Amma gwamnatin da ta roƙi jama'a su jure tsada da asarar aiki saboda 'yancin ƙasa, bashi ne a kanta ta dawo da wancan ƙuduri gaban majalisa, ta kira taron, ta kuma amince tun kafin a fara cewa rinjayen rabi da ɗoriya ya isa a aiwatar da abin da jama'a suka zaɓa.